Wasiyyar 'Yar Fari

Ina tsaye gaban madubin da ke bayan shago, ina ƙoƙarin maƙale mayafina da fil a ƙarƙashin haɓa, sai yatsana ya ci karo da wani abu da jiya ban san da shi ba. Ƙullutu ne a gefen maƙogwaro, bai kai ƙwallon dabino ba. Na haɗiyi yawu, ya hau sama. Na sake haɗiya, ya hau ya sauko, kamar lif ɗin benenmu a ranar da ya ga damar yin aiki. Ko kaɗan babu zafi, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, don ciwon da ya ɗauke Babana ma bai taɓa yi masa zafi ba sai ranar da ya kayar da shi.

A gidan burodi nake aiki a unguwarmu Edmonton da ke arewacin Landan, na wani dattijo ɗan Turkiyya mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya leƙo ya ce mutane sun yi layi. Ranar nan, da hannu ɗaya na yi ta sayar da burodi, ɗayan yana wuyana. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko haƙori ne ke damuna, na ce mata e. Da a lokacin wani zai yi min musaya da ciwon haƙori, da na karɓa har da godiya.

Daga wurin GP, likitan unguwa, aka tura ni asibiti. Aka shafa min wani abu mai sanyi a wuya aka duba da na'ura, aka soka allura aka zuƙo ɗan abin da za a gwada. Da na koma jin sakamako, likitar ta zana min malam-buɗe-littafi a takarda, ta ce haka wata halitta da ke maƙoshin kowa take, nawa ƙullutun yana kan fiffike ɗaya. Gwajin bai ce cutar kansa ce ba, wato ciwon daji, bai kuma ce ba ita ba ce. Sai an yanke fiffiken an kai shi ɗakin bincike za a sani. Sannan ta shiga jero min abubuwan da ka iya faruwa a wurin tiyata: murya na iya dishewa, jini na iya taruwa ya toshe numfashi, wani ma ba ya farkawa daga allurar barci. Bayan kowanne sai ta ce, "Amma da wuya ƙwarai." Ni kuwa kunnena ya tace maganar tsaf, ya zubar da "da wuya", ya riƙe sauran.

A bas ɗin komawa gida, ba mutuwar ce ta fi tsaya min a rai ba. Babana na tuna. Ɗan jarida ne, ya shekara da shekaru yana karanta labarai a rediyo can Marylebone a tsakiyar Landan, mutumin da har a ƙauyen da babu lantarki an san muryarsa. Da jijiya ta fashe masa a ka, sai ga shi kwance da bututu a baki, kowa yana magana a kansa ban da shi. Baffannina suna ta kira daga Kano. Ɗaya ya ce haramun ne a cire masa na'urar numfashi, ɗaya ya ce haramun ne a bar shi a kanta, na ukun ya ce a sako shi a jirgi, akwai wani mai magani da ya sani. Likitocin suka saurari kowa cikin ladabi, sannan suka tambayi mahaifiyata abin da take ganin shi da kansa zai so. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda kuka gani." A nan na fara sanin cewa a ƙasar nan zamanki matar mutum ko uwarsa ba ya ba ki ikon yanke hukunci a kan jikinsa. Za a ji ta bakinki, amma likita ne zai yanke, sai fa idan mai jikin ya rubuta tun yana da bakinsa.

Ni ban yarda a yi min haka ba. Idan na kwanta ba baki, ina son a sami mutum ɗaya da zai tsaya ya faɗi abin da nake so, kuma a bi.

Maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu, Maman Biyu, ita na fara kai wa kukana. 'Yar Jos ce, Kirista, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, don haka maganar mutuwa ba ta hana ta cin abinci. Na same ta tana juya miya.

"Takardu uku ne, 'yata," ta ce, tana lissafawa da ludayi. "Na farko will, wasiyya ke nan, wa zai ci kayanki. Na biyu living will, ki rubuta abin da ba ki yarda a yi wa jikinki ba idan ba kya iya magana. Na uku power of attorney, ki naɗa wanda zai tsaya gaban likita ya yi magana da yawunki, kuma dole su saurare shi. Ki sa mamanki, magana ta ƙare."

Na yi dariya har ƙullutun ya yi rawa. Ai a nan maganar ta fara.

Ni 'yar fari ce, kuma mahaifiyata tana min kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Tun da take ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata Hajiya, uwar Babana, a Kano. A hannunta na tashi har na gama sakandare, sannan aka ɗauko ni zuwa Landan. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Idan za ta kira ni, "ke" ce. Idan za ta ba wani labarina, "'yar Hajiya" ce, ko "yarinyar nan". A gaban mutane ba ta kallona, ba ta yabona, ba ta shiga maganata. Wannan kunyar ta naɗe ta a akwati ta tsallako teku da ita, ko a filin jirgi ba a ƙwace ba. Ƙanwata da aka haifa a nan kuwa, sunanta ya kusa suɗewa saboda kira, ita kuma tana amsawa da Turanci daga ɗaki.

Ranar da na gaya wa Yaya za a yi min tiyata, tana yanka kuɓewa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Kin gaya wa Hajiya?" Shi ke nan. Kuɓewar dai na ga ta ci gaba da yankawa har ta cika roba biyu, mu uku a gida. Mun sha miyar kuɓewa a makon nan har ƙanwata ta yi barazanar kai ƙara council, ofishin ƙaramar hukuma.

Da wasiyyar na fara, don na ɗauka ita ce mai sauƙi. Bayan sallar Juma'a na tsayar da malamin masallacinmu, wani ɗan Kumasi mai irin Hausar da ba ta bambanta mace da namiji.

"Kai yarinya, kana da gida?"

"A'a, Malam."

"Kana da mota? Kana da gona?"

"Ina da waya mai fasasshen gilashi, da atamfofi, da 'yan kunnen gwal da kakata ta ba ni. Sai air fryer."

"Menene shi?"

"Abin suya ne da ba ya shan mai."

Ya daɗe yana shafa gemu, kamar mai neman hukuncin air fryer a littattafan da ya haddace. Sannan ya ce gado Allah ya riga ya raba: uwa da kasonta, 'yar'uwa da nata, abin da ya rage na baffanni ne. Ni abin da nake da iko da shi kashi ɗaya ne cikin uku, shi ma ba a ba wanda zai ci gado. Amma ya ce in rubuta ƙarara cewa a bi rabon Musulunci, don in ban rubuta ba dokar ƙasar nan nata rabon za ta yi. Na fito ina hango baffannina uku zaune a kan tabarma da sukundireba suna raba air fryer, ɗaya ya ɗauki kwandon, ɗaya wayar wuta, na ukun yana cewa an cuce shi. Wannan ce dariyar farko da na yi ta gaskiya tun da na taɓa wuyana. 'Yan kunnen kuwa na mayar wa Hajiya a cikin kason nawa, tunda Malam ya ce kaka ba ta cin gado idan uwa tana raye.

Akwai wani ofishi kusa da kasuwa inda lauyoyi ke zuwa su taimaka wa mutane kyauta. Na yi booking, na ja Yaya muka je. Lauyar Baturiya ce mai gajeren gashi da tabarau a rataye a ƙirji, mai irin murmushin da ake koya wa mutane a wurin aiki. Ta gama min bayani, sannan ta juya ga Yaya. Turancin Yaya na zuwa kasuwa ne da na asibiti, tana ji, tana mayarwa idan ta ga dama.

"Mece ce dangantakarki da ita?"

Yaya ta dubi kalandar da ke bango. "Yarinyar gidanmu ce."

"'Yarki ce?"

"'Yar kakarta ce."

Lauyar ta dube ni. Na ce mahaifiyata ce, wallahi, har kamar hanci muna yi. Ta mayar da tabarau ta sake gwadawa.

"Idan ba ta iya magana, za ki iya gaya wa likitoci abin da take so?"

"Likitoci sun fi ni sani."

"Kin damu da abin da zai same ta?"

Nan Yaya ta gyara mayafi, ta ce min da Hausa, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke, wannan matar ba ta da kunya ne?"

Lauyar ta ce doka ta ce sai ta gana da ni ni kaɗai, don ta tabbatar ba tilasta min aka yi ba. Yaya na fita, lauyar ta jawo kujera kusa da ni, ta sassauta murya, ta tambaye ni ko ina zaune lafiya a gida. Ko ana hana ni abinci? Ko akwai wanda nake tsoro? Ta ce ta lura matar nan ko sau ɗaya ba ta kalle ni ba, ba ta kuma ambaci sunana ba. Har ta turo min akwatin tishu.

Na yi iya ƙoƙarina. Na ce a wurinmu idan uwa ta nuna tana son ɗanta na fari a gaban mutane, rashin kunya ne. Ta ce, to ya ake gane tana son sa? Me zan ce mata, kuɓewa? Ta ce in je in yi tunani. Wanda zan naɗa, in ji ta, dole ya zama mai iya buɗe baki a ɗakin da kowa ya fi shi ilimi, ya ce a'a. Kuma ta gargaɗe ni cewa takardar wakilcin ba ta aiki sai an yi mata rajista a wani ofishin gwamnati, abin da kan ɗauki makonni, mai yiwuwa ranar tiyata ta riga ta zuwa. Living will ɗin ne kawai ke fara aiki da zarar an sa hannu.

Shi na zauna na rubuta a teburin kicin da rana tsaka, ina jin yara suna ƙwallo a ƙasan bene. Na ce a yi min duk maganin da za a iya. Amma idan likitoci suka haɗu a kan cewa ƙwaƙwalwata ta tafi ba dawowa, kada a riƙe ni a kan na'ura don kawai a jira a gama musu a waya. Akwai jimla ɗaya da lauyar ta ce dole ta fito a ciki, cewa na yarda da haka ko da zai kai ga rasa raina. Na rubuta rabinta, na tashi na wanke kwanukan da suke a wanke, na dawo na ƙarasa. A wasiyyar kuma na ƙara cewa a binne ni a nan, da wuri, kada a saka ni a jirgi. Da raina ma ba na son jirgi.

Maman Biyu ce ta kawo shawarar a yi gwaji. Ta ce a wurin aikinsu haka ake yi, ana kwaikwayon gobara kafin gobara. Ta shigo flat ɗinmu da rigar aikinta, ta rataya wayar caja a wuya a matsayin abin awon likita. Ni na kwanta a doguwar kujera na rufe ido, na buɗe baki kamar kifi.

"Madam," ta ce da Yaya cikin muryar manya, "'yarki ba ta farka ba. Ga baffanta a waya ya ce a sako ta a jirgi. Me kika ce?"

Yaya ta hau gyara bakin zaninta.

"Madam, muna jira. Akwai wasu marasa lafiyar."

"Duk yadda kuka gani, likita."

"Haba 'yar'uwa! Ai wannan ce amsar da aka ce kada ki bayar!"

Aka sake. Karo na biyu Yaya ta ce a tambayi Hajiya. Karo na uku ta ce tana jin ƙaurin shinkafa, ta shige kicin, alhali ba a ɗora komai ba.

Na tashi daga mutuwar da nake yi na bi ta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya, yanka ni za a yi a wuya. Ba biki ba ne da za ki ɓuya a ɗaki ki bar ƙannenki su yi rawa. Idan ba za ki iya ba ki faɗa min, in sa Maman Biyu."

Ta juya min baya tana goge murhun da ba shi da datti. Ta ce, "Hakan ma ya yi."

Allurar da aka soka min a wuya ba ta yi min zafin wannan maganar ba.

Maman Biyu kuwa ta ɗaga hannu biyu sama. "Rufa min asiri, 'yata. Baffanninki su ji cewa wata Kirista 'yar Jos ce ke riƙe da makunnin na'urarki? Har ƙauyenmu za a aika. Shaida zan yi miki, in yi miki addu'a a coci ko ba ki so, amma wannan kujerar ta uwa ce."

Ƙanwata ba ta kai shekarun da doka ta yarda ba. Hajiya tana Kano, kuma ita idan aka ba ta likita a waya, sai ta tambaye shi ko ya yi aure. Na rasa yadda zan yi.

Ranar komawa wurin lauya, na fito daga ɗaki sai na tarar da Yaya zaune a bakin ƙofa, ta sha mayafinta na zuwa unguwa, jaka a cinya. Ta ce, "Ke, ba yau ne ba?" A bas ta zauna gefen taga tana kallon shaguna. Mun kusa sauka ta yi magana, kamar da gilashin take yi.

"Lokacin Babanku na san abin da yake so. Ƙannensa suna kan waya, ni matar gida ce, ban ga wurin magana ba." Bas ya tsaya. "Wannan karon ba ɗan'uwan kowa ba ne zai kwanta."

Ban san ko alkawari ba ne, ban kuma tambaya ba. Na sa sunanta, zuciyata rabi da rabi.

Wasiyya tana bukatar shaidu biyu da ba za su ci komai a cikinta ba. Maman Biyu ta zo, mai gidan burodinmu ma ya zo, da gari a gaban rigarsa da leda cike da burodi mai riɗi, kamar an gayyace shi suna. Tun kafin a miƙa masa biro ya fara kuka. Ya yi ta cewa yarinya ƙarama, yarinya mai kirki, ba ta taɓa makara ba, wanda ƙarya ce. Gashin bakinsa ya jiƙe sharkaf. Lauyar ta dubi wannan ƙaton da ba dangina ba yana shessheƙa, ta dubi uwar da ta haife ni tana nazarin silin, na ga ta haƙura da fahimtar mutanen Edmonton.

Da aka zo shafin da Yaya za ta sa hannu, ga sunana nan baro-baro a sama da manyan baƙaƙe. Ta kai gefen mayafinta ta rufe shi, sannan ta sa hannu a ƙasa a hankali, harafi bayan harafi.

Kamar yadda lauyar ta faɗa, ranar tiyata ta zo, rajista ba ta fito ba. Wato da safen nan Yaya ba ta da ikon komai a kaina, daidai take da mai shara a idon doka. Aka ba ni rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, wadda na tabbata wanda ya ƙirƙiro ta ba shi da 'ya'ya mata. Likitan da ke sa barci ya zo, wani dogo mai sanyin murya, ya fara tambayoyi. An taɓa sa ni barci? Akwai maganin da jikina ba ya so? Na ce a'a, a'a, ban sani ba. A lokacin ko sunan unguwarmu aka tambaye ni sai na yi tunani.

Sai na ji murya daga wajen labule. Yaya ce, ta ba mu baya, tana fuskantar abin wanke hannu, tana magana da Turancinta na kasuwa.

Ta ce yarinyar nan an taɓa sa ta barci tana ƙarama, lokacin da ta karye a hannu, kuma da ta farka ta yi ta amai har washegari. Ta ce akwai maganin zazzaɓin da ke sa ta ƙaiƙayi. Filasta mai ruwan ƙasa tana tayar mata da ƙuraje. Idan sanyi ya yi yawa ƙirjinta yana kuka. Haƙorinta na sama na gefen hagu ya taɓa gutsurewa an liƙa shi, a yi hankali da shi idan za a sa bututu. Sannan ta ce, idan wani ya kira daga Nijeriya, ko wane ne, a ba ta wayar.

Likitan ya yi ta rubutawa, ya ce mata wannan ya taimaka ƙwarai. Ya tambaya, "Ke ce mahaifiyarta?"

Ta ce wa abin wanke hannun, "Ni ce na zo da ita."

Karayar nan a Kano na yi ta, lokacin Yaya tana Landan. Haƙorin ma haka. Ni kaina na manta da filastar. Daga baya Hajiya ta gaya min cewa a duk shekarun nan Yaya ba ta taɓa tambayarta lafiyata a waya ba. Takan tambayi awaki, da ruwan famfo, da ciwon ƙafar maƙwabta, ta bar Hajiya ta yi ta zuba har ta gangaro kaina da kanta, ita kuma ta yi shiru tana ji.

Aka tura gadona. Ban yi wani tunani mai zurfi ba, kada in yi ƙarya. Ina ta ƙoƙarin riƙe bayan rigar ne kada ta buɗe.

Na farka da ɗinki a wuya da murya irin ta kwaɗon da ya sha taba. Amma murya ce, tawa ce. Abin da na fara cewa shi ne a ba ni ruwa, na biyu kuma na tambaya ko an kira daga Kano. An kira, ɗaya daga cikin baffannina ne. Ƙanwata ta ce Mummy, wato Yaya, ta fita da wayar waje, ba ta san me ta ce ba, amma Baffa bai sake kira ba sai da yamma, shi ma gaisuwa kawai ya yi.

Sai jira. Fiffiken nawa yana can wani ɗaki a cikin kwalba ana yanka shi siriri-siriri, ni ina gida ina shan kunu. Wannan zaman ya fi tiyatar wuya. Duk ƙarar da waya ta yi sai na ruga na ɗauka. Takardar rajistar ta iso a cikin kwanakin, da hatiminta da komai, ta zo ta same ni ina rigima da ƙanwata a kan rimot da bakina. Na koma aiki, mai gidan burodi ya hana ni ɗaukar ko da tire, yana bina da ido kamar wadda za ta fashe. Har yau idan na zo maƙale mayafi hannuna yakan tsaya a kan tabon, sai na ja numfashi kafin in ci gaba.

Ranar sakamako Yaya ta raka ni, amma ta ƙi shiga ɗakin likita. Ta zauna a kujerun waje ta ƙura wa wata sanarwar allurar mura ido, kamar za a yi mata jarrabawa a kai.

Likitar nan ce mai zanen malam-buɗe-littafi. Ban ko zauna daidai ba ta ce, "Labari mai daɗi ne. Ba kansa ba ce."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta tabbata nawa ne aka duba, ba na wata ba? Ta juyo min da allon kwamfuta ta nuna min sunana da ranar haihuwata. Ta ce an cire shi duka, babu abin da ya rage, sai dai a riƙa duba jinina lokaci-lokaci. Ta ci gaba da bayani, ni kuwa ban ji ko ɗaya ba.

Na fito na tsaya a kan Yaya. Na ce, "Yaya, sun ce ba ita ba ce. Sun ce na warke."

Ta ce, "To." Ta miƙe, ta gyara jaka a kafaɗa. "To, madalla."

Ta yi taku kaɗan, ba ta hanyar fita ba, ta tura ƙofar farko da hannunta ya samu, ta shige ta rufo. Banɗakin maza ne. Na ji ta kunna famfo da ƙarfi, amma famfon bai isa ya rufe abin da nake ji ba.

Wani tsoho Bature da sanda ya taho yana sauri irin na mai uzuri. Na jingina bayana da ƙofar, na ce masa da muryata ta kwaɗo ya yi haƙuri ya nemi na hawa na ƙasa. Ya tambaya ko lalacewa ya yi. Na ce a'a, mahaifiyata ce a ciki, kuma za ta ɗan jima.